Yadda na danna ja

Ina suyar ƙosai labarin ya same ni. Ranar Alhamis ce, ranar da kuke dawowa daga gidan babanku, kuma kai Sadik a wancan lokacin ba ka cire takalmi sai ka leƙa kicin ka ga abin da ke wuta. Na ji an buga ƙofa, na rage wutar na je. Rabi ce, abokiyar aikin uwarku a asibitin nan na Largo, da kayan aiki a jikinta, ba jaka a hannu, ba mayafi. Ban taɓa ganin Rabi ba mayafi ba sai ranar.

"Mama, ki zauna," in ji ta.

"Akwai mai a wuta."

"Zan kashe. Ki zauna, Mama."

Na zauna a kan matakalar bene, ita kuma ta durƙusa a gabana ta faɗa mini. Uwarku tana tsaye tana rubuta bayanin wani mara lafiya, ta ce kanta, ta dafa tebur, ta faɗi. Jijiya ce ta fashe mata a kai. Likitoci na kewaye da ita, a cikin gidan da ta yi shekaru tana jinyar wasu, ba a ma ɗauke ta zuwa ko'ina ba, amma kwana ya ƙare. Na yi salati, na mayar da al'amari ga mai shi. Ita ce 'yata ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta da bakina ba tana raye, kuma ba za ku same shi a takardar nan ba. Kun san shi. Na ɗauki biro ne saboda ke Hanan da ƙanenki, domin akwai abin da ya faru a shekarar nan wanda kuka gani da idon yara, kuma ina so ku ji yadda ya kasance daga wurina tun ina da sauran numfashi.

Abin da ya fara zuwa raina bayan salati ku ne. Kuna can Beltsville wurin babanku, kuma bayan la'asar zai kawo ku wurin ajiye motoci na laburare, inda suke haɗuwa ya miƙa mata ku. Zai tsaya yana jira, ba wanda zai zo. Na ce wa Rabi ta kira shi. Ta ce ba ta da lambarsa. Ni ma ba ni da ita. Wayar uwarku tana asibiti a kulle, kuma ko an buɗe ta ba za a samu ba, don ta goge lambar tun ranar da aka fito daga kotu. Shekara uku ba su yi magana da baki ba. Hanya ɗaya ce tak ta rage tsakaninsu, tana cikin ƙaramar kwamfutar hannu da ke jingine kusa da gwangwanin sukari.

Dole in yi muku bayanin wannan hanyar yadda na gan ta, don ku kun taso kun same ta kamar famfo ko fitila, ba ta taɓa ba ku mamaki ba. Ni daga Zariya aka ɗauko ni zuwa ƙasar Turawan nan lokacin haihuwar Sadik, na zo wankan jego na zauna. A gabana auren ya lalace, kuma ba zan shiga wannan ba, dukansu biyu sun gaji. A gida idan aure ya mutu mutane ba sa mutuwa tare da shi. Akwai kawu, akwai liman, akwai tsohuwar da za ta goya yaro ta kai shi gidan ubansa ya wuni ta dawo da shi. Ni kaina na yi wa mutane wannan aiken. A nan kuwa ba kowa a tsakani, sai alƙali ya ce su riƙa magana ta wata manhaja da aka yi don iyayen da suka rabu. Kalanda ce, amma mai baki. Kowace rana da launinta: kwanakin babanku shuɗi, na uwarku ruwan goro. Ranar likitan haƙori tana ciki, ranar kitson Hanan, ranar Islamiyya, har wanda zai ɗauko ku idan an tashi makaranta da wuri saboda dusar ƙanƙara. Idan lokacin miƙa ku ya matso sai ta yi ƙara a gidaje biyu lokaci guda. Idan ɗaya yana son musayar rana sai ya nema ta ciki, ɗayan ya ga maɓalli biyu, kore da ja. Kuma duk abin da aka rubuta a ciki ba ya goguwa, ko wanda ya rubuta ba ya iya janye shi, alƙali na iya dubawa duk sanda ya so. Wannan ya fi komai ba ni tsoro da mamaki. Na girma ina jin cewa akwai masu rubuta maganar mutum ba sa barin ko kalma, ban zaci zan ga ɗan adam ya ƙera kwatankwacin haka ya ajiye a kicin ba.

Har gargaɗi take yi. Idan ka rubuta magana mai zafi sai ta ce ka sake dubawa kafin ka aika. Uwarku takan zauna ta rubuta Turanci mai laushi, wai ta gode da ya sanar da ita zai makara, ta aika, sannan ta ajiye ta juyo gare ni.

"Ji mutum, Mama. Sai yau ya tuna yana da agogo."

"To me ya hana ki faɗa masa?"

"Gwaggo za ta hana. Ai wannan gwaggo ce, Mama, amma irin wadda ba ta ƙara gishiri a saƙo."

Ita wannan gwaggon muka aika ranar. Rabi ta buɗe kwamfutar, ta tambaye ni me za ta rubuta. Na faɗa mata da Hausa. Ta ce alƙali ya ce da Turanci za a riƙa rubutu. Na ce mata alƙali ya gama nasa. Na kuma ce ta fara da faɗin wanda ke magana, domin saƙon zai bayyana masa ne da sunan uwarku a kai. Ta rubuta: Surukarka ce ke magana. Allah ya yi wa uwar yara rasuwa yau a wurin aiki. Ka zo da su gida. Muka tsaya muna kallon gilashin. Ba a jima ba wata 'yar alama ta fito, Rabi ta ce ya karanta. Bai amsa ba. Can muka ji tsayuwar mota. Babanku, wanda rabonsa da ƙofar nan shekara uku, ya cire takalmi a waje cikin sanyi, ya tsuguna a kan dakalin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, ya haƙuri," ya ce.

"Haƙuri sai ma'abocinsa," na ce daga bayan ƙofa. Ba mu kalli juna ba. Suruki ne, kuma mutumin Maraɗi ne, sun fi mu riƙo da wannan kunyar.

Ya tsaya a kan komai na jana'iza, ya karɓi gaisuwa tare da maza kamar ba a taɓa rabuwa ba. Bayan sadakar bakwai ya tafi da ku Beltsville, don dokar ƙasar nan haka ta ce, idan uwa ta rasu uba ne. Gidan ya yi shiru. Ita kuwa kwamfutar ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa. Duk Alhamis sai ta yi ƙara, tana tuna wa uwarku ta je laburare. Ina iya kife ta, ban kife ba. Nakan zauna in kalli kwanakin ruwan goro a jere har ƙarshen shekara, da abubuwan da ta sa a ciki da hannunta, in rasa ko addu'a zan yi ko in tashi in ɗora tukunya.

Mutane suka fara magana. Hajiya Talatu, ƙawata mai shagon kayan miya a Landover, ita ta fi kowa zafi.

"Hajiya, ki tashi tsaye. A addini ma bayan uwa sai kaka ta wajen uwa. Gobe zai yi aure, ki ga 'ya'yan nan sai a hoto."

Ƙanena Sani ma yana bugowa daga Zariya, kullum maganarsa ɗaya, Yaya ki kai shi kotu, ai can ma akwai kotu. Wata rana Hajiya Talatu ta zo da mota ta ce akwai lauyar da ta sani. Na ji nauyin in ce mata a'a bayan ta rufe shago saboda ni, na bi ta. Lauyar mace ce mai kirki, ta ba ni ruwa, ta ce ta bakin Hajiya Talatu in faɗi duk abin da na sani na gazawar babanku wajen kula da ku. Na yi tunani na gaskiya. Yana makara. Yana saka wa Sadik safa wari-wari. Ban sami wani abu ba. Kuma na tuna yadda ke Hanan kika taɓa tsayawa gaban kwamfutar nan kina ƙarama kika tambaye ni, yau ke ta waye. Na ce ba zan sake jawo alƙali cikin rayuwarku ba, ko da kuwa hakan na nufin in rasa ku. Na yi godiya na fito. Da muka iso gida Hajiya Talatu za ta sauke ni, ta ce na sayar da jikokina don kunya. Sani ya daina bugowa, kuma mun daɗe kafin mu koma daidai. Abin da ban sani ba shi ne, labarin zuwana ofishin lauya ya isa Beltsville, labarin fitowata bai isa ba.

Ana cikin haka wata safiya wayata ta yi ƙarar da ban saba ji ba. Na duba na ga alamar manhajar nan, a tawa wayar, da sunana. A ƙasa akwai rubutun babanku da Hausa, na karanta da kaina a hankali. Ya ce: Inna, kwanakinta suna nan, ban taɓa su ba. Ina roƙon ki karɓe su. Na sa a nan ne don nan ba a gogewa, ko na mutu, ko na yi aure, maganar tana nan. A ƙarƙashin rubutun ga maɓalli biyu, kore da ja.

Ku saurare ni da kyau a nan. Na san me kore yake nufi, na san me ja yake nufi, na ga uwarku tana danna su shekara uku. Ban ruɗe ba. Na karanta saƙon nan har hawaye ya hana ni ganin rubutun, wanda ban yi ba ranar rasuwa. Babu abin da nake so a duniya kamar abin da ke cikinsa. Amma ni an raine ni a kan cewa idan aka miƙo maka abu mai girma ba ka cafkewa da hannu biyu a karon farko, balle daga hannun suruki. Sai ka ce a'a, haba, ka bar shi, an gode. Mai bayarwa ya sake miƙowa, ka sake kaucewa, ya rantse, sannan ka karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ko tuwo ne haka ake yi. Kara ke nan, kuma ban san wata hanyar karɓar alheri ba ita. Don haka na goge ido, na yi bisimilla, na danna ja. Sannan na tashi na jiƙa waken da zan yi muku ƙosai, don na tabbata kafin azahar zai sake tambaya.

Bai sake ba. Saƙon ma ya ɓace daga wayata gaba ɗaya, tunda na ƙi shiga manhajar, babu inda zan rubuta ko kalma. Ita gwaggon ta yi aikinta daidai yadda aka gina ta, ta je ta faɗa masa abin da na ce ba ƙari ba ragi: ta ƙi. Ba ta kai masa hawayen ba, ba ta kai masa waken da na jiƙa ba. Shi kuma da ya riga ya ji an gan ni wurin lauya, ya ɗauka amsar ke nan, sai mun haɗu a kotu. Na zubar da waken a rana ta uku. Za ku ce me ya hana ni buga masa waya, tunda zuwa lokacin ina da lambar. Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba. Amma in kira surukina in ce masa a'ar da na ce ba a'a ba ce, ka sake roƙona? Bakina ya kasa. Kwamfutar uwarku kuma na yi wa kaina alkawari ba zan sake magana da sunan mamaciya ba.

Makonni suka wuce. Wata Lahadi na je masallaci lokacin tashin Islamiyya, na tsaya daga gefe. Sadik ya hango ni ya sheƙo da gudu ya rungume ni.

"Maigidana, ka gudu ka bar ni ba cefane," na ce masa, yana dariya.

Ke kuwa Hanan kin tsaya nesa da jakarki a kafaɗa. Kina da shekara goma sha ɗaya, kin fi kowa a gidan iya karanta Turanci, kuma daga baya na gane kin ga amsar a wayar babanku. Na ce ki zo. Ba ki zo ba. Kika ce da Turanci, a hankali, kalmomin da ko ni na gane: wai ni ce na ce a'a. Sannan kika ja hannun ƙanenki kuka nufi mota. Na binne 'yata ban faɗi ba, amma ranar nan sai da wata mata ta riƙe ni ta zaunar da ni.

Wadda ta kwance abin tsohuwa ce da ban taɓa gani ba, kakarku ta Maraɗi. Wata ranar Asabar Rabi ta zo duba ni, muna zaune sai ga kira daga Nijar. Muryar tsohuwa ce mai ƙarfi, kamar tana kira daga bayan gari. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta shiga magana kai tsaye. Ta ce ɗanta ya kira ta yana kuka wai na ƙi 'ya'yan.

"Na ce mishi, sau nawa ka tambaye ta? Ya ce sau guda. Na ce kai ɗan wa na? Sau guda ake tambayar babba? Lakwal ɗin da ka yi, bokon nan, ita ta cinye maka hankali ko ƙasar ce? Ya ce wai na'ura ce ta ce kin ƙi. Na ce na'ura uwarka ce? Hajiya, ki yi haƙuri da shi, yaro ne. Ki duba wayarki."

Kafin in ajiye, wayar ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta sake yi. Rabi ta karɓa ta duba, ta ce gayyata ce daga babanku, iri ɗaya, har guda uku a jere, kowace da korenta da janta. Ta farko ya rubuta, Inna, don Allah. Ta biyu, Inna, don Annabi. Ta uku ya rubuta, Inna, na rantse ba zan karɓi a'a ba. Na daɗe ina kallonsu. Mutumin nan ya zauna ya lanƙwasa ƙarfen Bature har ya yi masa ladabin gida. Ya ba ni wurin da zan kauce sau biyu ba tare da na rasa komai ba. Na miƙa yatsa kan ta farko.

"Mama, kore! Don girman Allah, kore!" in ji Rabi.

Na danna ja. Rabi ta dafe kai ta ce ta shiga uku. Na danna ja a ta biyu, ta miƙe tsaye ta ce ita ba za ta iya kallo ba, wallahi tsofaffin nan sai sun kashe ta. A ta uku na yi bisimilla na danna kore. Kalandar ta buɗe a wayata, ga shuɗi ga ruwan goro, yadda uwarku ta bar su, Alhamis zuwa Lahadi. Rabi tana dariya tana kuka, ni kuma na yi hamdala. Har yau idan na tuna nakan yi mamaki: abu ɗaya ne ya raba ni da ku don ya faɗi gaskiyar abin da na danna, shi ne kuma ya riƙe mini kwanakin nan ba wanda ya taɓa su har na iso.

Tun daga wannan makon babanku yake kawo ku har ƙofa, don ni ba na tuƙi. Ya yi aure daga baya, kamar yadda Hajiya Talatu ta faɗa, kuma ko rana ɗaya ba ta canza launi ba. Mun yi shekaru muna magana ta manhajar nan, ni da shi, da Hausa. Ta yi mana daidai, don muna iya faɗin abin da ya kamata ba tare da mun haɗa ido ba. Idan yana son musayar rana, ko ni ina so, duk mun san yadda ake yi, ba wanda ya sake aika tambaya sau ɗaya.

Kai Sadik na san ba ka tuna komai a cikin wannan, sai ƙosai. Ke Hanan kin dawo tare da shi ranar Alhamis ɗin farko, kin gaishe ni, kin ci abinci, kin wuce ɗakin uwarki kin rufe. Kin ci gaba da zuwa duk mako har kika tafi jami'a, kina mini aike, kina karanta mini takardun asibiti, ba ki taɓa mini rashin kunya ba. Amma ba ki taɓa tambayata me ya sa na ce a'a ba, ni ma ban iya buɗe baki na faɗa miki ba. Wannan maganar har yau ba mu yi ta ba, ni da ke.